ZAUREN MALAM: Kukan Faranti Ba Mutuwar Inji Ba Ne

A wannan wata za mu ɗan ajiye alli da zancen jarrabawa tukuna, mu leƙa kicin, saboda wani abu da ya faru a gidanmu cikin azumin da ya wuce, wanda ya so ya ja mana asarar kuɗi, har ma ya so ya ja mana wadda ta fi ta kuɗi. Mun ga bai kamata mu yi shiru da shi ba, tun da yake injin da za mu yi magana a kansa ya shiga gidaje da yawa a zangunanmu, tun daga Aboabo da Asawase a nan Kumasi har Nima da Madina a Akra.

Injin nan dai shi ne maikirowef, wanda yaran gidanmu suka laƙaba wa suna injin ɗumame. Namu ba sabo ba ne. Ƙanen uwargida da ke zaune a Hambok ta ƙasar Jamus ne ya aiko da shi cikin kaya ta tashar jiragen ruwa ta Tema, ya kuwa yi mana shekara huɗu yana aiki ba ko tari. Ran nan da misalin ƙarfe huɗu na asuba uwargida ta sa tuwo da miyar ayoyo domin sahur, tana murɗawa sai muka ji, gurrr, ƙwas! Gurrr, ƙwas! Duk wanda ya san gidan haya irin namu, inda bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, ya san ƙarar asuba ba ta da sirri. Kwana uku ana haka, sai dattijon da ke ɗakin kusa da mu ya tare mu a bakin famfo ya ce, "Ticha, ashe injin niƙa ka kafa, ba ka gaya mana mun kawo masara ba?" Muka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Daga nan masu shawara suka yi ta zuwa. Wani mai sayen tsoffin ƙarafa, irin masu zagaya unguwa suna kiran "kwandam", ya ɗora kunne a jikin injin kamar likita, ya girgiza kai ya ce ai ya mutu, sai dai a ba shi a kuɗin ƙarfe. Abin da ya taya ko kwano biyu na wake da shinkafa ba zai saya ba. Wata maƙwabciya kuma ta ce a cire farantin da abin da ke ƙarƙashinsa a huta, ita haka ta yi da nata. Uwargida ta ce, "Malam, ko dai mu haƙura mu koma gawayi?" Albashin malamin makaranta kuwa kun san shi, ba ya ɗaukar sayen sabon inji ana saura kwana goma salla, ga ɗinkin yara.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne na ranar Alhamis. Mun dawo daga makaranta sai muka tarar da babban ɗanmu, ɗan shekara 16, ya sauke injin a tsakar ɗaki, sukundireba a hannu, waya a jingine da bango tana nuna masa wani Bature yana gyara. Har ya kwance noti biyu na rigar ƙarfen da ta rufe injin. Muka daka masa tsawa. Ya ce, "Baba, ai na zare shi daga soket, babu wuta a ciki." To jama'a, wannan magana ta yaron nan ita ce dalilin rubutunmu na yau, domin ita ce kuskuren da manya ma suke yi. Za mu dawo kanta. Amma bari mu fara daga farko, kamar yadda ake yi a aji.

ME YA SA FARANTIN YAKE JUYAWA?

A shekarar 1945 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Percy Spencer, ma'aikacin kamfanin Raytheon, yana aiki kusa da na'urar rada sai ya lura alewar da ke aljihunsa ta narke. Daga nan aka gano cewa igiyoyin da na'urar ke fitarwa suna iya dafa abinci. Injin farko da suka fitar kasuwa a 1947 tsayinsa ya kusa mita biyu, nauyinsa ya wuce kilo 300. Sai a 1967 kamfanin Amana ya fito da ƙarami na ɗorawa a kan tebur. Faranti mai juyawa kuwa kamfanin Sharp na Japan ne ya fara sa shi a tsakiyar shekarun 1960.

Ba don ado aka sa shi ba. A cikin injin akwai wani abu da ake kira maganetiron, shi ke fitar da igiyoyi irin na rediyo waɗanda ido ba ya gani, masu kaɗawa sau miliyan 2,450 a daƙiƙa ɗaya. Su ke girgiza ruwan da ke cikin abinci har ya yi zafi. Da yake bangon ciki ƙarfe ne, igiyoyin suna bugunsa su dawo su haɗu da juna, sai a sami wurare masu zafi ƙwarai da wurare masu sanyi, tsakanin wuri mai zafi da na kusa da shi kamar santimita 6. Juyawar faranti ita ke ratsa abinci ta cikin waɗannan wurare domin zafi ya game shi. Saboda haka shawarar maƙwabciyarmu ba shawara ba ce. In faranti bai juya ba, gefen tuwo ya ƙona baki, tsakiyarsa kuwa da sanyi, kuma a wannan wuri mai sanyi ne ƙwayoyin cuta na kwantan abinci suke tsira. Ɗumame na kirki shi ne wanda ya yi tururi har cikinsa. Wannan rashin daidaiton zafi ne kuma ya sa ma'aikatan lafiya suke hana ɗuma madarar jariri a maikirowef.

ABUBUWA HUƊU

Abubuwa huɗu ne ke aikin juyawar. Na ɗaya, farantin gilashi. Na biyu, wani zoben roba mai 'yan tayoyi, galibi uku, wanda farantin ke zaune a kansa. Mu a gidanmu gammo muke ce masa, don aikinsu ɗaya da gammon mai talla. Na uku, wata 'yar roba mai kunne uku a tsakiyar daɓen injin, wadda ke shiga cikin gurbin da ke ƙarƙashin farantin ta ja shi. Mu kira ta cibiya. Na huɗu, wani ɗan ƙaramin inji da ke ɓoye a ƙarƙashin daɓen, wanda ke murza cibiyar. Wutar da yake ci ba ta wuce wat uku ko huɗu ba.

Ku lura da kyau: uku na farko duk a cikin ɗakin abinci suke, da ka buɗe ƙofa ka gan su, kuma da hannu ake ɗaga su ba da sukundireba ba. Mafi yawan kukan faranti kuwa daga waɗannan ukun yake fitowa.

A FARA DA KUNNE DA AGOGO

Bayan mun mayar da notin da yaro ya kwance, muka ɗora injin a tebur, muka sa kofin tangaran da ruwa a ciki, muka ba shi agogo muka ce ya ƙirga. Kada a taɓa kunna maikirowef babu komai a ciki, domin igiyoyin in ba su sami abin da zai shanye su ba sai su koma su lalata maganetiron.

A jikin yawancin 'yan injunan nan an rubuta 5/6. Ma'anarsa farantin zai zagaya sau 5 a minti ɗaya da irin wutarmu ta Gana da ta Turai, sau 6 da irin wutar Amurka. Watau a nan zagaye ɗaya daƙiƙa 12 ke nan. Gammo kuwa, da yake tayoyinsa na birgima ne tsakanin daɓe da faranti, rabin gudun faranti yake yi, zagayensa ɗaya daƙiƙa 24. Muka ce wa yaro, raba 24 gida uku. Ya ce takwas. Muka ce to duba agogo. Ya duba, sai ga ƙwas ɗin nan tana zuwa duk bayan daƙiƙa takwas ko kusa da haka. Ashe wani abu ne a kan hanya, kowace taya ta zo sai ta yi tuntuɓe da shi. Da ƙarar tana zuwa sau ɗaya a kowane zagayen faranti, da mun fi zargin kwano ne ya yi girma yana gugar bango, ko farantin bai zauna daidai a kan cibiya ba. Da kuma ƙas-ƙas ce a jere da sauri, da mun ce wata taya ta cinye ta gefe ɗaya.

Akwai wani abu da ke tsorata mutane alhali ba ciwo ba ne: yau faranti ya juya dama, gobe ya juya hagu. Haka aka yi irin wannan ɗan inji, duk ɓangaren da ya samu yake tashi.

GYARAN DA KOWA ZAI IYA

Da farko a zare fulogi daga soket. A fitar da faranti da gammo, a jiƙa su cikin ruwan ɗumi da sabulu. In farantin da zafi a bari ya huce tukuna, don gilashi mai zafi in ya ji ruwan sanyi yana iya tsagewa. A sami tsohon buroshin haƙori a goge tayoyin, sa'an nan a murza kowace da yatsa a ga ko tana juyawa sumul. A juya farantin a duba ƙarƙashinsa, inda tayoyi ke bi, da gurbin cibiya. Ita ma cibiyar a yawancin injuna ana zare ta sama da hannu. A duba ko ta tsage, ko ramin da ke ƙarƙashinta ya cinye. Ramin nan ba zagayayye ba ne sosai, gefe ɗaya a miƙe yake domin ya kama ƙarfen da ke murza shi. In ya cinye, sai ƙarfen ya riƙa zamewa a ciki, faranti ya riƙa tafiya yana tsayawa. In cibiyar ta ƙi fita kada a tilasta mata, kuma kada a riƙa murza ta da ƙarfi, don haƙoran da ke cikin ɗan injin ƙanana ne, suna karyewa.

Sai daɓen injin. In maiƙo ya bushe ya daskare, a yanka lemun tsami a kwanon ruwa, a mayar da komai a kunna minti uku ko huɗu, a bar ƙofa a rufe na ɗan lokaci tururi ya jiƙa dattin, sa'an nan a sake zare fulogi a goge da tsumma. Ban da soson ƙarfe, ban da wuƙa, domin in fentin ciki ya kankare tsatsa za ta shiga. Kada kuma a ɗiga wa tayoyi man gyaɗa ko man ja ko man keke. An yi su ne su yi aiki a bushe, mai kuwa datti yake tarawa.

Mu abin da muka tarar a namu abin kunya ne. Shito ne ya zube ya bushe a kan hanyar tayoyi, ga ƙayar kifi da ƙwayar shinkafa biyu sun manne a ciki sun yi tauri kamar tsakuwa. Taya ɗaya kuma maiƙo ya riƙe ta ta daina juyawa, jan ta kawai ake yi har ta cinye ta gefe. Wannan ne injin da aka ce mana ya mutu.

A duba mazaunin injin kuma. In tebur ya karkata, ko ƙafa ɗaya ta injin ta ɓace, ko an ɗora shi a kan firji mai rawa, zai yi ƙara ko da lafiyarsa lau. A bar masa sarari ta baya da gefe domin iska, a rage tara masa kwanuka a ka.

In an yi duk wannan ƙara ba ta tafi ba, ga jarrabawa ta ƙarshe. A cire faranti da gammo, a ajiye kofin tangaran da ruwa a gefen daɓe, a kunna na rabin minti. In an ji shiru, laifin na faranti ne ko gammo, sai a nemi wani. A tafi kasuwa da tsohon a hannu, don girmansu ba ɗaya ba ne: akwai faranti mai faɗin santimita 24.5, akwai 27, akwai 31.5, kuma tsayin tayoyi ma ya bambanta. In kuwa har yanzu ana jin gurnani daga ƙasa, to haƙoran ɗan injin ne suka cinye. In daga baya ko gefe take fitowa, fanka ce ko wani abu da ya fi ta. Nan aikinmu ya ƙare.

IYAKAR DA BA A TSALLAKEWA

Yanzu mu dawo ga maganar yaronmu, wai ya zare daga soket. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. A cikin maikirowef akwai taransifoma mai ɗaga ta zuwa wajen bolt 2,000, sa'an nan a ninka ta kafin ta isa maganetiron. Cikin kayan da ke wannan aiki akwai wani mai kama da gwangwanin kifi, ana ce masa kafasita, aikinsa tara wuta. Shi wannan yana iya riƙe wutarsa bayan an zare fulogi. An sa masa abin da zai tsiyaye ta a hankali, amma abin nan yana lalacewa, kuma ido ba ya gane wanda ya lalace da mai lafiya, balle a tsohon inji da ya ƙetaro teku. Wutar da ke ciki ta isa ta tsayar da zuciyar ƙato, kuma ta kashe mutane a ƙasashe dabam-dabam, har da waɗanda suka saba taɓa kayan lantarki. Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda ya iya canza fis ko gyaran fanka, kada ya ɗauka wannan ma ɗaya ne.

Don haka ga dokar da muka kafa a gidanmu, muna kuma roƙon masu karatu su kafa ta: abin da ke bayan ƙofa namu ne, abin da ke ƙarƙashin rigar ƙarfe na mai gyara ne. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Akwai kuma alamun da in an gan su, a kashe nan take a zare fulogi, ba sauran gwaji. Tartsatsi a ciki alhali ba a sa cokali ko kwanon ƙarfe ba. Ƙaurin waya. Ruri mai ƙarfi amma abinci ya fito da sanyi. Ƙofar da ba ta rufuwa sosai, ko ragar jikinta ta huje. Injin da ke ci gaba da aiki bayan an buɗe ƙofa. Har ila yau, akwai wani ɗan falle mai kama da kwali mai ƙyalli a bangon ciki. Ba kwalin kamfani ba ne da aka manta, murfin hanyar igiyoyi ne. Kada a ɓamɓare shi. A riƙa goge shi, in ya ƙone a sa a canza.

In za a kai wa mai gyara, a je da sani. A gaya masa an wanke, an gwada ba faranti, ga inda ƙara ke fitowa. In ya ce ɗan injin ƙasa ne, a ce ya nuna rubutun da ke jikin tsohon da na sabon, domin akwai na bolt 220 zuwa 240, akwai na 30, akwai na 21, kuma kamarsu ɗaya a ido. A karɓi tsohon a tafi da shi gida. Wanda kuma aka aiko masa da inji daga Amurka ko Kanada, ya duba takardar da ke manne a baya kafin ya sa a soket, don nasu na bolt 120 ne. Masu gyara na kirki suna nan da yawa a garin nan, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Ranar Asabar muka ɗauki yaron muka tafi da tsohon gammo wajen wani dattijo mai gyaran kayan wuta. Ya tono mana irinsa daga cikin buhu, kuɗinsa bai kai na cefanen yini ɗaya ba. Muka ba shi labarin noti biyu. Bai yi faɗa ba. Ya miƙa hannu ƙarƙashin benci ya ɗauko wani tsohon kafasita ya ajiye a gaban yaron ya ce, "Ɗana, shekara talatin ina wannan aiki, har gobe ba na taɓa wannan sai na tabbata na sauke masa kaya. Shi ba ya gaisuwa sau biyu. In kana son aikin, zo ran Asabar ka zauna ka gani, amma hannunka a aljihu sai na ce ka fitar." Yanzu Asabar huɗu ke nan yana zuwa, mu kuwa ba mu hana ba, don sha'awar gyara ba laifi ba ce, jagora take bukata.

Injin ɗumame dai ya koma aikinsa shiru. Dattijon maƙwabcinmu har ya yi ƙorafi wai yanzu ba abin da ke tashinsa da asuba. Uwargida ta kafa tata dokar, ba a sa miya sai an rufe kwano, kuma duk Juma'a ana wanke gammo.

Aikin gida na wannan wata: kowa ya ɗaga farantin gidansa ya ga abin da ke ƙarƙashi, sa'an nan ya tara yaransa ya nuna masu rigar ƙarfen nan ya ce masu nan ce iyaka. Wanda ke da tambaya ko gyara ya aiko ta hannun edita kamar kullum, matambayi ba ya ɓata. Sai mun sadu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.